Ranar Da Notin Baya Ya Cije

A gidanmu akwai doka game da babur, kuma ni na kafa ta. Dokar ta ce duk wanda shekaru suka hau kansa har aka fara shakkar idonsa da hannunsa, to ranar da tayarsa ta baya ta yi faci, shi kaɗai zai cire ta, ya gyara, ya mayar, daga hantsi zuwa ƙarfe huɗu na yamma. In ya iya, ya ci gaba da hawa abinsa. In ya kasa, ya ajiye makulli har abada. Ba a taimaka masa da hannu, ba a taimaka masa ko da baki. Na zaɓi tayar baya ne da gangan, domin a nan aikin yake: ga sarƙa, ga birki, ga notin da ke riƙe sandar taya. Wanda ya iya da waɗannan, hankalinsa da ƙarfinsa suna nan.

Shekara ashirin da shida ke nan da na yanke wannan hukunci a kan mahaifinmu, wanda muke kira Tsoho, bayan ya faɗi sau biyu cikin wata ɗaya. Ya gwada, ya kasa, na karɓi makullin a matsayina na babban ɗa, babur ɗin ya dawo hannuna. Ƙanena Auta bai yafe mini ba. A makon ya kwashe kayan aikinsa daga garejin da Tsoho ya damƙa mana, ya buɗe nasa shagon a ƙarshen titi, kuma tun daga lokacin ba mu haɗuwa sai wurin gaisuwar mutuwa.

Bana ina da shekara saba'in da ɗaya. 'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarmu ta ci, nas ce a asibiti, kuma tun ranar da na goge ƙofar gida da madubin babur take bina da maganar in daina hawa. Na gaya mata ƙofar ce ta karkace. Ba ta yi musu ba, ta dai zuba ido tana jiran rana. Ranar ta zo wata Talata da yamma, lokacin da tayar baya ta sace a hanya na turo babur ɗin gida da ƙafa.

Washegari da hantsi na fito tsakar gida na tarar da Uwata tsaye da kayan aikinta, ba ta tafi asibiti ba. A gefenta kuma ga Auta, ya zo da kujerarsa ta roba tun daga shagonsa, ya kafa ta a inuwar katanga, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shi ma furfura ta gama cinye masa kai, amma bakin nan nasa yana nan yadda na san shi.

"Ina kwana, Yaya," in ji shi. "An ce yau akwai jarrabawa. Na zo shaida, kamar yadda ka sa ni shaida waccan shekarar."

Na dubi Uwata. Ta sunkuyar da kai, amma ba ta ja da baya ba.

"Ni na kira Baffa," ta ce. "Baba, kai ka ce doka ba ta san fuska ba. Tun ina yarinya nake jin ka kana faɗa."

"Na faɗa, kuma ban janye ba," na ce. "Sai dai da kin tambaye ni, da na samo miki shaidan da ya san bambancin sifana da guduma."

Auta ya yi dariya har da buga cinya. "Wanzami ba ya son jarfa! Fara aiki, Yaya, rana ba ta jiran tsofaffi. Kai ka gaya wa Tsoho haka, a nan wurin, kana duban agogo."

Na ɗora babur ɗin kan ƙafarsa ta tsakiya, na sa guntun katako a ƙasa don kada ya nutse, na shimfiɗa buhu na jera kayan aiki bisa tsari. Notin sandar baya irin mai tsaga-tsaga ne a kansa, kuma sandar tana da ɗan rami inda ake zura fil ya ratsa ta cikin tsagar, don kada notin ya warware a hanya. Ƙa'ida ita ce a fara cire fil ɗin. Na duba ban ga kansa ba, na shafa da yatsa ban ji jelarsa ba, sai tsatsa da busasshen laka. Na ce a raina ya daɗe da faɗuwa. Na sa sifana mai zobe a kan notin, na tokare ɗaya kan sandar da wata sifanar a jikin firam, na danna. Ko gezau. Na gyara tsayuwa na sake dannawa da dukan nauyina. Notin ya cije kamar tare aka ƙera su da sandar.

Ban damu ba a lokacin. Shekara arba'in da bakwai na yi ina kwance notin da ya fi wannan taurin kai, kuma Tsoho ya bar mana matakai biyar waɗanda ba a tsallake ɗaya a je ga na gaba: mai, sannan guduma, sannan bututu, sannan wuta, sannan kurfi. Yakan ce wanda ya fara da wuta mahaukaci ne, wanda ya fara da kurfi kuma mahauci ne.

Na haɗa man birki da kananzir a murfin gwangwani, na ɗiga a bakin notin ta kowane gefe, na koma na zauna kan benci ina jira ya ratsa.

"Hutu tun yanzu?" in ji Auta. "Uwata, kawo wa babanki matashi."

"Mai yana buƙatar rabin sa'a," na ce, ina duban katanga. "Na san a wasu shagunan ba a san haka ba. Shi ya sa duk babur ɗin da ya fito daga can yake zuwa mini da noti kamar kare ya tauna."

"Yake zuwa maka? Yaushe rabon da wani ya kawo maka aiki, Yaya? Garejin da ka kore ni daga ciki ai yanzu kaji ke ƙwai a cikinsa."

"Ban kore ka ba. Kai ka ɗauki ƙafarka."

"Ka kori Tsoho daga kan babur ɗinsa, ka hau. Wanda ya ga haka ai ba ya jira a kore shi."

"Baffa, don Allah," in ji Uwata.

"Bar shi ya yi," na ce. "Gwangwanin da babu kome a ciki ya fi ƙara."

Da rabin sa'a ta cika na sake gwada sifana. Babu labari. Na ƙara mai, na ƙara jira, na sake gwadawa, har sau uku. Sannan na koma mataki na biyu: na tokare babbar guduma a bayan notin, na riƙa bugun gefensa da ƙarama, a hankali, gefe bayan gefe, domin tsatsar da ke cikin zaren ta farfashe. Jan gari ya zubo kan buhu, abin da ke nuna aikin yana ci. Amma da na ɗora sifana, notin yana nan inda yake.

Rana ta take tsaka lokacin da na ɗauko bututu. Tsayinsa ya kai ƙirjina, kuma shi ne wanda Tsoho ya yi aiki da shi. Na zura shi a hannun sifana, na kama ƙarshensa da hannu biyu, na rataya a kansa. Babur ɗin ya ɗaga gaba yana neman tuntsurewa. Na sauke, na ɗaure birkin gaba da igiya, na jingina tayar gaba da katanga, na sake hawa. A karo na uku sifanar ta zame daga kan notin, na tafi gaba ɗaya, bayan hannuna na dama ya daki haƙoran da sarƙa ke hawa. Fata ta sale a kan yatsu uku, jini ya fara ɗiga kan siminti.

Uwata ta zaburo da jakarta, tana laluben auduga.

"A'a!" in ji Auta, ya ɗaga yatsa. "Ba a taimaka masa da hannu. Tsoho ma ya yanke a babban yatsa, na kawo tsumma, wannan mutumin ya ce in koma in zauna."

"Baffa, ciwo ne fa! Wannan ai ba gyaran babur ba ne."

"Gaskiyarsa," na ce. "Koma ki zauna."

Na yage gefen tsohuwar riga, na ɗaure yatsun da haƙori da hannun hagu. A nan ne, ina faɗin gaskiya, tsoro ya fara shigata. Ba ciwon nake tsoro ba. Na hango kaina ne tsaye a bakin titi ina ɗaga wa masu haya hannu, ni da na koya wa rabin makanikan unguwar nan riƙon sifana.

Auta ya gyara zama, ya sassauta murya, wanda ya fi ihunsa ciwo. "Ka tuna abin da ya kayar da Tsoho? Uwata, ke kina ƙarama, bari in gaya miki. Ya kwance noti, ya zare sanda, ya sauke sarƙa, duk ya yi. Taya ta ƙi fita. Sandar birki ce kawai ya manta bai kwance ba. Sa'a biyu yana ja yana haki, ni ina kallon abin da idona. Kalma biyu zan faɗa. Na buɗe baki, babanki ya ce, 'Ko da baki.' Tsoho ya zauna a ƙasa a nan, ya miƙa makulli, bai ƙara shekara biyu a duniya ba."

"Mutumin da ya manta da birki a tsakar gida zai manta da shi a kan titi," na ce. "Na faɗa a ranar, ina kuma faɗa yau. Da na bar shi, da a kwalta za mu kwaso shi, wataƙila da ɗan wani a ƙarƙashinsa. Kai kuka ka iya, ni na ɗauki nauyin."

"Ka ɗauki nauyin, ka ɗauki babur."

Na tashi na ɗauko tukunyar gas ƙarama. Na rufe makunnin fetur, na jiƙa tsumma na naɗe cibiyar taya don kada zafi ya narkar da giris da robar ciki, na goge man da na zuba sarai. Wuta ana ba noti ne, ba a ba sanda, domin so ake notin ya buɗe ya saki abin da ya riƙe. Na zagaya harshen wutar a kansa har ya yi duhu ya fara hayaƙi, tsatsa tana fashewa tana tsalle. Na ajiye, na ɗora sifana da bututu da sauri kafin ya huce, na danna har na ji jijiyar wuyana za ta tsinke. Ya motsa kamar kaurin gashi, ya tsaya cak. Wannan ya ɗaure mini kai. Notin da tsatsa ta riƙe, in ya motsa sau ɗaya ya sallama ke nan. Na sake ba shi wuta, na kankare shi da buroshin waya, na sake dannawa. Kaurin gashi gaba, kaurin gashi baya, daga nan babu ƙari.

Uwata ta duba agogon hannunta. Na tambaye ta, ta ce uku da kwata.

Saura mataki ɗaya. Kurfi, wato ƙarfen sara mai kaifin baki, yana fasa noti gida biyu, kuma ina da wani notin a gwangwani. Amma kurfi ba shi da ido: in hannu ya kauce kaɗan sai ya ci zaren sandar, kuma sandar irin wannan babur an daina kawo ta tun da daɗewa. A ƙuruciyata ina fasa noti ban taɓa zare ba. Yau hannuna a ɗaure yake, yana rawa, ga gumi yana shiga mini ido. Duk da haka na ɗauko kurfin, na kafa bakinsa a kan notin, na ɗaga guduma.

"Ajiye wannan abin."

Auta ne. Ya tashi daga kujera, yana tsaye a kaina, idonsa a kan notin.

"Koma ka zauna," na ce. "Kai shaida ne."

"Za ka kashe sandar Tsoho, makaho kawai! Dubi tsagar da ke sama. Ba ka ga abin da ke ƙyalli ba tun da ka kankare? Akwai ƙarfe a cikin ramin fil. Ba tsatsa ke riƙe da notinka ba, a kulle yake!"

Na ajiye guduma, na durƙusa, na kai fuskata har ina jin zafin ƙarfen a kumatuna. Sai a sannan na ga ɗan ɗigo mai haske, bai fi ƙwayar gero ba, daidai da bakin tsagar. Nan take na tuna. Shekara uku da suka wuce na canza taya a bakin wani gini da ake yi, fil ɗin ya karye, na yi abin da Tsoho ya saba yi, wato na nemi ƙusa a madadinsa. Sai dai shi ƙusar katako yake sawa, mai laushi, wadda ake lanƙwasawa. Ni ƙusar kankare na samu a wurin magina. Na buga ta da ƙarfi ta shige, da na zo lanƙwasa jelar ta ɓalle, kan ma ya ɓalle, na ce zan canza in na isa gida. Ban canza ba. Tun hantsi nake kokawa da ƙusar da na buga da hannuna.

"Ba don kai na faɗa ba," in ji Auta, yana huci. "Don babur ɗin na faɗa."

"Ni ban ji kome ba," in ji Uwata da sauri. "Baba, ban ji kome ba. Ai da ka gani da kanka."

Auta ya koma kujerarsa, ya harɗe hannu. "Ji 'yar kirki. Ci gaba, Yaya, ga ƙofa an buɗe maka. Ka ce ka gani da kanka. Wa zai ƙaryata ka? Dokar ai dama don Tsoho aka yi ta. So nake in ga mai dokar barci yana gyangyaɗi, in koma shagona in mutu da daɗi."

Na ɗauki siririn ƙarfe na kafa a kan ɗigon, na buga sau huɗu, guntuwar ƙusar ta faɗo ta ƙasa ta yi ƙara a kan siminti. Na ɗora sifana ba tare da bututu ba. Notin ya juya da hannu ɗaya, hannun hagu ma.

Na kwance sandar birki, na sassauta sarƙa na sauke ta, na zare sandar taya, na fitar da tayar. Na ɓalle gefenta da liba biyu, na zaro tsohon tub, na shafa cikin tayar da tafin hannu har na samo guntun wayar da ta huda ta. Na sa sabon tub, na mayar da baki, na buga iska da famfon ƙafa. Na goge sandar na shafa mata giris, na mayar da kome mazauninsa, na daidaita sarƙa har ta yi wasan yatsa ɗaya, na ɗaure noti, na zura sabon fil na gaskiya na buɗe jelarsa biyu. Na juya tayar, na taka birki, ta tsaya.

"Ƙarfe nawa?" na ce.

"Huɗu saura minti shida," in ji Uwata.

Na wanke hannuna a bakin famfo, na shiga ɗaki na canza riga, domin ba a yin irin wannan abu da rigar aiki. Na fito da makullin a hannuna. Auta ya miƙe tsaye.

"An taimake ni da baki," na ce. "Na ji, kuma na yi aiki da abin da na ji. Ba don haka ba, da na sa kurfi, kuma ban san abin da zai biyo baya ba. Idon da bai ga ƙusa a noti ba, ba zai ga yaro a titi ba. Hukuncin da ya hau Tsoho ya hau ni."

"Baba," in ji Uwata. Ta rufe baki da hannu. Abin da ta nema ke nan tun bara, amma ba ta yi kama da wadda ta samu ba.

Sannan a hankali Auta ya miƙo hannu, tafin a buɗe, idonsa a kan babur ɗin mahaifinmu.

Na wuce hannun nasa na sa makullin a tafin Uwata.

"Waccan shekarar babban ɗa ne ya karɓa," na ce. "Ita ce babba a 'ya'yana. Haka aka yi, haka za a yi."

"Ita da ko keke ba ta iya ba!" Auta ya daka tsawa. "Shekara ashirin da shida ina jiran babur ɗin ubana! Ni na cece shi yau daga kurfinka!"

"Ka cece shi, an gode. Shaida ba ya cin gado."

"Allah ya isa tsakanina da kai, Yaya. Ko a faɗuwa sai ka faɗo a kan mutum."

Ya juya ga Uwata, wataƙila yana zaton za ta miƙa masa. Ta dube shi, ta dube ni, ta jefa makullin cikin aljihun rigar aikinta ta ja zif.

"Daga yau babu mai hawansa a cikinku," ta ce. "Baffa, kai ma sittin da takwas gare ka. Kada ka sa in fara duba tayarka."

Auta ya fizgi kujerarsa, ya saɓa ta a kafaɗa, ya fita yana faɗin maganganun da ba zan rubuta ba. Ƙofar ta bugu har bangon ya amsa.

Uwata ta zaunar da ni a benci, ta kwance tsumman da na ɗaure, ta wanke yatsun da wani ruwa mai zafin tsiya. Wannan karon ban hana ta ba, tunda jarrabawa ta ƙare. Tana naɗa bandeji ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago kai ba, ko ƙarfe nawa zan fita gobe, domin ta turo mai keken haya mai ƙafa uku ya ɗauke ni.

"Bakwai," na ce. "Kuma ki gaya masa ya zagaya ta bayan kasuwa. Kada ya kuskura ya bi da ni ta gaban shagon baffanki."